Tarihin Wutar Nefa: Hukumomin Gwamnati da 'Yan Kwangilar da Suka Riƙe Hasken Najeriya

Tun 2005 doka ta soke hukumar NEPA, amma har gobe idan wuta ta dawo a unguwa sunanta yara suke kira da sowa. Tela a Fagge, mai walda a Tudun Wada, mai ƙanƙara a Sakkwato, kowa Nefa yake cewa. Sunan ya ƙi tafiya ne domin damuwar da ke tattare da shi ba ta tafi ba. Wanda ke son sanin yadda aka kai ga haka sai ya koma baya shekara ɗari da ɗoriya, ya bi sawun ɓangarori biyu da suka riƙe wannan sha'ani tun farko: hukumar gwamnati mai ba da aiki, da babban ɗan kwangila mai karɓarsa.

Mafari: 1896 zuwa 1950

A 1896 Turawan mulkin mallaka suka kafa gidan wuta na farko a Legas, mai ƙarfin kilowat 60, ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka. Ba don talakan gari aka yi shi ba. Gidan gwamna, ofisoshi da fitilun titin bakin ruwa su ne abin nufi. A 1923 aka buɗe babbar tashar Ijora mai aiki da kwal, wanda ake haƙowa a Inugu.

A Arewa kuwa kuza ce ta jawo lantarki. Kamfanonin haƙar ma'adinai a tsaunukan Jos suna buƙatar ƙarfin da zai juya injinansu, sai suka duba magangarun ruwa. A 1929 kamfanin NESCO ya fara aiki da tashar ruwa ta Kurra. Kamfanin 'yan kasuwa ne, abokan cinikinsa sanannu ne, kuma suna biya. Shi ya sa mutanen Bukur da kewaye suka daɗe suna yabon wutarsa.

Hanya ta uku ita ce ta En'e. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'en Kano ta kammala aikin ruwan famfo da lantarki daga Challawa, da kuɗin baitulmali, wato harajin talakawa da jangalin makiyaya. Katsina ma ta yi nata, haka Ibadan da Abekuta. Garuruwa irin su Kaduna da Zariya da Maiduguri kuwa ma'aikatar ayyuka ce ke kula da injinansu. Kowane gari da gidan wutarsa, babu waya mai haɗa wannan da wancan. Wutar kaɗan ce, amma idan inji ya tsaya kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Haɗe kai ƙarƙashin ECN: 1951 zuwa 1962

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu birane suka bunƙasa, masana'antu suka fara tsirowa, ƙananan injinan gari-gari suka kasa. A Ingila kanta gwamnati ta karɓe harkar lantarki daga hannun kamfanoni a ƙarshen shekarun 1940, kuma wannan tunani ya biyo Turawa zuwa ƙasashen da suke mulka. A 1950 aka yi dokar kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta fara aiki a Afrilun 1951, ta karɓi tashoshin ma'aikatar ayyuka, sannan na En'e-En'e suka biyo baya.

Hujjar ta fito fili. Ɗan kasuwa ba zai ja waya mil ɗari zuwa garin da ba zai mayar masa da jarinsa ba. Gwamnati ce kaɗai za ta ɗauki wannan nauyi domin ci gaban ƙasa. Shugabannin Arewa sun fi kowa jin buƙatar. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna tare da wani kamfanin Ingila, Bompai a Kano tana cika da masana'antu, ga shi Arewa ba ta da kwal kusa, ba ta da gas. Abin da take da shi ruwa ne. Saboda haka a 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Neja, aka ɗora mata aiki guda: ta tare kogin, wanda Hausawa ke kira Kwara, ta mayar da ƙarfinsa wuta, ta sayar wa ECN.

Kainji: 1964 zuwa 1969

Ba a zaɓi Kainji da ka ba. Injiniyoyin Balfour Beatty na Ingila da NEDECO na Holan sun shafe shekaru suna auna kogin. Sun ga cewa a wannan yanki Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na daminar kusa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya tace, bai iso ba sai cikin hunturu. Wato a daidai lokacin da sauran koguna ke ja da baya, nan sabon ruwa ke shigowa.

A 1964 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, wasu ƙasashe suka ƙara, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashi. Kwangilar ginin ta faɗa hannun Impregilo, gamayyar kamfanoni uku na Italiya, waɗanda a lokacin suke kammala madatsar Akosombo a Gana. A tsakiyar aikin aka yi juyin mulki har biyu a 1966, aka kashe wanda ya aza harsashin, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Duk da haka aiki bai tsaya ba. A 1968 aka gama, Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar a farkon 1969 da injina huɗu masu megawat 320. An tsara gurbin injina goma sha biyu domin megawat 960. A shekarun 1970 aka ƙara huɗu, jimla ta kai 760, sauran guraben suka zauna wayam shekaru aru-aru.

Akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan haske da gidajensu. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 135, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da gonakin albasa na Gungawa, ya taɓa Kambari da masunta Sarkawa har ƙasar Yawuri. Kimanin mutum 44,000 aka tayar. Busa kuwa ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. A zancen kaka da kakanni na Borgu, ana cewa wani sarki Kisra ne ya taso daga gabas da jama'arsa, 'ya'yansa suka kafa Busa da Nikki da Illo. Wannan ruwayar baka ce. Abin da ke rubuce shi ne cewa a gangaren ruwan Busa ne Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya halaka a 1806. Tsohon garin Busa da wannan gangaren yanzu suna ƙarƙashin ruwa. An gina Sabuwar Busa da sababbin ƙauyuka, amma da yawa daga cikin waɗanda aka tayar sun yi shekaru suna kallon manyan wayoyi na wucewa ta kansu, su kuwa suna kunna aci-bal-bal. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan madatsun lantarki, ita ma ta yi kusan shekara goma kafin ta fara aiki.

Duk da wannan tabo, Kainji ta nuna yadda babbar kwangila take yin kyau. An yi nazari kafin a sa hannu, kuɗin yana ƙasa kafin a fara, injiniyoyin da ke duba aiki dabam suke da masu gini, mai ba da rance yana bin kowane mataki, hukumar da ke kai kuma ba ta da wani aiki sai wannan.

NEPA da kuɗin fetur: 1972 zuwa 1990

Zaman hukumomi biyu, ɗaya na samarwa ɗaya na rabawa, ya haifar da saɓani kan farashi da tsari. A 1972 gwamnatin Gowon ta yi doka mai lamba 24, ta haɗe su wuri guda. Nan aka haifi NEPA. Daga injin da ke Kainji har mitar da ke zauren gida, komai nata ne, ba ta da kishiya.

Shekara guda bayan haka farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi, kuɗi suka malalo. Aka shiga zamanin manyan kwangiloli. Aka gina tashar Safele a ƙarshen shekarun 1970, aka faɗaɗa Afam da Ughelli. A 1985 aka buɗe madatsar Jabba mai megawat 578. A daidai wannan lokaci kamfanonin Japan da Faransa suka gina Egbin kusa da Legas, mai megawat 1,320. A 1990 aka ƙaddamar da Shiroro a kan kogin Kaduna, mai megawat 600. Manyan layuka suka haɗa Kainji da Kaduna da Kano da Jos, hedikwatocin ƙananan hukumomi suka fara ganin kwan fitila.

Wutar ta tsallaka iyaka ma. A 1976 layin Birnin Kebbi ya isa Yamai, daga baya wani ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa domin Maraɗi da Damagaram, kamfanin NIGELEC na gwamnatin Nijar yana saye. Akan ce an yi haka ne domin kada Nijar ta tare kogin daga sama Kainji ta ƙafe. Wannan bayani ya yaɗu a bakin jama'a da 'yan siyasa. Abin da ba shi da tababa shi ne dogaron ya yi zurfi, har wutar Najeriya ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi. Mutanen Yamai sun ɗanɗana ma'anar haka lokacin da aka yanke layin a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai Maris na 2024.

Amma tun cikin shekarun yalwa cutar ta kama. Gwamnati ce ke yanka farashi, kuma ba ta son ɓacin ran jama'a, sai ta bar shi ƙasa da abin da ake kashewa. Ma'aikatu da barikoki suna shan wuta ba sa biya, babu mai iya yanke musu. Sabon gini yana da bikin yanke kyalle, yana da kuɗin kafin alƙalami, yana da suna a jarida. Gyaran tsohon inji ba shi da ko ɗaya. Saboda haka hankalin masu mulki da na 'yan kwangila ya karkata ga sabo, aka bar na hannu yana tsufa.

Shekarun lalacewa: 1990 zuwa 1999

Da farashin fetur ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta karye. Kusan kowane ƙarfe na tashar wuta daga waje ake sayo shi da dala, NEPA kuwa naira take karɓa. Kayan gyara suka gagara. Aka riƙa cire sassan injin da ya mutu ana liƙa wa wanda ke numfashi. Wata doka ta 1988 ta ce hukumar ta koma tafiya kamar kamfanin kasuwanci, amma ba a sakar mata mara wajen farashi ko naɗin shugabanni ba.

Daga Shiroro a 1990 har ƙarshen mulkin soja ba a ƙara gina babbar tasha ko ɗaya ba, alhali jama'ar da ƙidayar 1963 ta ce miliyan 55 ce ta kusa miliyan 89 a 1991. Da farar hula suka karɓi mulki a 1999, injina 19 ne kacal ke aiki cikin 79, wutar da ake samu ba ta wuce megawat 1,750 ba.

Arewa ta ji a jikinta fiye da ko'ina. Masana'antar da ta koma kan janareto sai ta sayi baƙin mai ko dizal da aka yi dakonsa tun daga Kudu. Ga kuma atamfar fasa-ƙwauri mai araha ta cika kasuwa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, Kakuri ta yi tsit. A Sharaɗa da Bompai da Challawa masana'antu da dama suka zama rumbunan ajiya. Ba wuta kaɗai ta kashe su ba, amma ita ce ta fara karya musu ƙashin baya, kuma dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana.

Ruwan kwangiloli: 1999 zuwa 2013

Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta bi hanya biyu. Ta farko doka ce: a Maris na 2005 aka soke NEPA, aka kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, aka tsaga ta gida goma sha takwas, shida na samarwa, ɗaya na dako, goma sha ɗaya na rabawa, tare da hukumar sa ido, NERC. Ta biyu gini ne: shirin tashoshin gas guda goma da kuɗin rarar fetur, ƙarƙashin wani sabon kamfani mallakar gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi.

A nan aka ga kishiyar Kainji. An yi odar injina kafin a shirya filin da za su zauna, wasu suka yi shekaru a tashar jiragen ruwa. An gina tasha kafin bututun gas ya iso, an gama wata babu layin da zai kwashe wutarta. A 2008 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ndudi Elumelu ya zagaya wuraren ayyukan, ya ba da rahoton cewa an biya wasu 'yan kwangila maƙudan kuɗi alhali aikin da ke ƙasa bai taka kara ya karya ba. An yi ta jayayya kan jimlar abin da aka kashe, wasu suka ce dala biliyan 10, wasu 16. Binciken kansa ya jawo tsaikon biyan kuɗi, ayyukan suka ƙara jinkiri da tsada. A Kaduna, tashar Kudenda mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta a 2009 ta haura shekara goma ba ta haska gida ko ɗaya ba.

Cefanarwa: 2013 zuwa yau

Ranar 1 ga Nuwamban 2013, zamanin Goodluck Jonathan, aka miƙa yawancin kamfanonin ga 'yan kasuwa. An sayar da kashi 60 na kamfanonin rabawa, gwamnati ta riƙe 40. Kamfanin rabawa na Kano, KEDCO, ya ɗauki Kano da Jigawa da Katsina. Na Kaduna, wanda aka miƙa a ƙarshen 2014, ya haɗa da Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Na Jos da na Yola suka ɗauki wasu daga cikin sauran jihohin Arewa. Kainji da Jabba aka jinginar wa Mainstream, Shiroro ga North South Power. Kamfanin dako, TCN, ya zauna hannun gwamnati, wani kamfanin Kanada ya tafiyar da shi daga 2012 zuwa 2016.

An tara kimanin dala biliyan biyu da rabi, kaso mai tsoka ya tafi wajen sallamar ma'aikatan PHCN. Yawancin masu sayen kuwa da bashin dala daga bankunan gida suka saya, lokacin dala tana kusan naira 160. Da naira ta sake faɗuwa bashin ya kumbura, kuɗin sayen taransifoma da mita ya ƙare a biyan ruwa. Kayan aro ba ya rufe katara. Sai aka koma kan mai shan wuta da bil na ƙiyasi, unguwa ta yi karo-karo ta gyara taransifoma, kamfani ya zo karɓar kuɗi. Gwamnatin da ta sayar don ta huta ta dawo tana tallafi: naira biliyan 213 daga Babban Banki, sannan biliyan 701 a 2017. Masu kamfanin Yola sun mayar da shi a 2015 saboda rikicin Boko Haram, a Yulin 2022 kuma masu bin bashi suka karɓe ragamar na Kano da Kaduna da Benin.

Ba duka ne ya lalace ba. An farfaɗo da injinan Kainji da Jabba da suka daɗe a kwance. Amma ƙasar da ke da tashoshi masu ƙarfin kusan megawat 13,000 galibi tsakanin 4,000 da 5,000 take iya kai wa jama'a, kuma a ƙiyasin Bankin Duniya na 2021 mutum miliyan 85 ba su da wutar layi sam. Raunin dako ya fi bayyana a Arewa, inda 'yan layuka ƙalilan ke ɗauke da yanki guda. A Janairun 2021 aka fasa turakun Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya yi watanni cikin duhu. A Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, sai na Inugu zuwa Makurɗi ya faɗi, jihohin Arewa da dama suka yi fiye da mako guda babu wuta.

Mambila da Zungeru

Ayyuka biyu sun isa misali. Madatsar Mambila a Taraba, wadda aka tsara kan megawat 3,050, an shafe shekara arba'in ana zancenta. A 2003 aka ba kamfanin Sunrise takardar kwangila, wadda daga baya gwamnati ta ce ba a bi ƙa'ida wajen ba da ita ba. A 2017 aka amince da sabuwar kwangila ta kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin ƙasar Sin, sai na farko ya kai ƙara kotun sasanci a Faris yana neman diyyar fiye da dala biliyan 2. Shari'a ta tsayar da rance, rashin rance ya tsayar da aiki.

Zungeru kuwa, mai megawat 700 a kan kogin Kaduna, an fara ta a 2013 kan kimanin dala biliyan 1.3, bankin ƙasar Sin ya ɗauki kashi 75, kamfanonin Sinohydro da CNEEC suka gina. Ta sha jinkiri da rikicin diyya da harin 'yan bindiga, amma a 2023 ta kammalu. Gwamnati ɗaya ce, har da ɗan kwangila guda a cikin ayyukan biyu. Bambancin yana ga yadda aka ƙulla yarjejeniyar tun ranar farko.

Abin da ya rage

A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka yi sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi ikon samar da wuta da rabawa da sa ido a cikin iyakokinsu. Bayan shekara saba'in ana tattara komai a tsakiya, ragama tana komawa kusa da inda En'en Kano ta fara. Rufin gidaje da shaguna kuma yana cika da farantan sola, mutane na neman wa kansu mafita.

Tarihin nan ya gwada kowane irin mai gida: En'e, hukumar tarayya, soja, farar hula, ɗan kasuwa. An ga aikin kirki a hannun gwamnati a Kainji, an gan shi a hannun kamfani a Kurra; an kuma ga ɓarna a hannun kowannensu. Duk inda aka dace, za ka tarar an auna kafin a sa hannu, an ware kuɗin gyara kamar yadda aka ware na gini, babba da yaro sun biya abin da suka sha, kuma akwai mutum sananne da za a tuhuma idan aiki ya tsaya. Yanzu da gwamnonin jihohi za su fara ba da nasu kwangilolin, hakkin jama'a ne su tambaya tun kafin a yanke kyalle: wa ya yi nazarin, nawa ne kuɗin, wa zai duba aikin, wa kuma zai gyara injin bayan shekara goma? Mutanen tsohuwar Busa sun ba da garinsu domin ƙasa ta samu haske. Mafi ƙarancin abin da za a saka musu da shi shi ne a riƙe amanar abin da aka gina a kan kufansu.